Fentin ruwa na kashe mini motsin zanena, ina neman shawara

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu zane. Don Allah ku taimaka mini, wata uku ke nan ina fama.

Aikina gina mutum-mutumi da yumɓu, kuma na saba fara zana siffa a takarda kafin in taɓa yumɓun. Abin da ya ja ni ga fentin ruwa shi ne aikin Rodin, masassaƙin nan na Faransa. A 1906 ya ga 'yan rawar fadar Kambodiya a Paris, ya bi su har Marseille, ya yi musu zane wajen 150. Yakan ja fensir idonsa na kan mai motsin, ba ya kallon takarda, daga baya ya shafa launi kaɗan.

Na gwada haka a gidan dambe. Da fensir abin yana fita da kyau: ɗan dambe ya duƙa, hannun da aka ɗaure yana baya, ƙafar gaba ta kafe a ƙasa, kai ka ce yanzu zai kai naushi. Amma da na sa burushi sai ya sandare kamar gunki. Ga hunturu kuma, kafin in kai launin daga kafaɗa zuwa ƙugu ya bushe, ya bar zobe mai duhu a tsakiyar baya. Takardar ma sai ta yamutse. Wannan ya fi ci mini rai.

Shin laifina bin layin fensir da nake yi sau da ƙafa? Ko in fara jiƙa takardar? Wace irin takarda kuke amfani da ita lokacin sanyi?