Wai ina motoci masu giyar hannu suka shige?

Malam Garba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau wata uku ke nan ina neman mota mai giyar hannu, na gaji da yawo. Duk inda na shiga sai a jera mini otomatik. Wani dillali ma cewa ya yi in sa oda in jira watanni, kuma ba launin da nake so ba. Da na bincika sai na ga ashe daga sama abin ya taso. Honda ta daina saka wa Accord giyar hannu tun 2020, Mercedes-Benz ma ta fara janye ta daga 2023. Kamfanonin nan motar ragwaye kawai suke ƙerawa yanzu, mu da muka iya tuƙi an yi watsi da mu.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam Garba, ragwaye fa ka ce? Shekara 20 na yi ina taka kuloci, sai da gwiwata ta hagu ta kumbura likita ya hana ni. Ka taɓa yin awa guda a cunkoso, kana takawa kana saki, da ciwon gwiwa? Ni ce raguwar?

Kabiru: Mama, ki yi haƙuri, ba da ke yake ba. Amma gaskiya ɗaya ce. A Ingila wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinsa bai ba shi damar tuƙa manuwal ba. Wanda ya ci da manuwal kuwa duka biyun zai tuƙa. Hukuma ma ta san wane ne direba.

Injiniya Yusuf: Kabiru, ka ƙarasa labarin mana. A Ingilar da ka kawo, a 2020 sababbin motoci otomatik da aka sayar sun fi na manuwal yawa. Duk ragwaye ne ke nan? Kuma ba yau aka fara ba, tun 1940 General Motors ta saka giyar otomatik mai suna Hydra-Matic a motar Oldsmobile. Abin da ya riƙe manuwal duk shekarun nan shi ne mai, domin tsohuwar otomatik mai giya 3 ko 4 tana shan mai sosai. Ta yanzu giya 8 gare ta, wata 10, kwamfuta ke canzawa a daidai lokacin da ya dace, hannunka ba zai kamo ta ba. Kamfani kuma ba zai ƙera nau'i biyu, ya gwada kowanne daban kan dokar hayaƙi, don mutane ƙalilan ba.

Kabiru: To ai ka faɗa da bakinka, kwamfuta ke tuƙa ku.

Oga Tanimu: Injiniya, ku a takarda kuke gani, mu a ƙarƙashin mota muke wuni. Kuloci in ya ƙone a canza faranti, mota ta tashi. Giyabos ɗin otomatik in ya lalace, musamman nau'in da ake kira CVT mai bel ɗin ƙarfe, sau da yawa sai dai a sauke shi gaba ɗaya. Sannan in batir ya mutu, manuwal a tura ta, ka sa a giya ta biyu, ka saki kuloci ta kama. Je ka tura otomatik mu gani.

Sadiya: Oga Tanimu, ku makanikai kuna zagin otomatik ne don yawancinku ba ku iya gyaranta ba. Wani ya taɓa zuba mini man giyar da ba nata ba, motar ta riƙa fizga, ya ce wai halin otomatik ne.

Oga Tanimu: Yarinya, ki iya bakinki. Wanda ya ɓata miki mota daban, ni daban. Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a.

Sadiya: Ni ba yarinya ba ce, 'ya'yana uku.

Hajiya Binta: Har yanzu Malam Garba bai janye kalmarsa ba. Akwai mai ƙafa ɗaya da ba don otomatik ba da ba zai taɓa riƙe sitiyari ba. Shi ma rago ne?

Malam Garba: Hajiya, ni tambaya na yi, ina zan samu motar? Ba wanda ya amsa mini. Ina son in ji injin a hannuna, in sauka gangare da ƙaramar giya ba sai na cinye birki ba.

Injiniya Yusuf: Otomatik ma tana da L, wato ƙaramar giya, ko giyar da za ka riƙe a gangare, mutane ne ba sa amfani da ita. In manuwal kake so dole, akwai Mazda MX-5 da Civic Type R, sai dai ta farkon kujera biyu ce. Motar lantarki kuwa ba ta da kuloci sam, can kuma kamfanoni suka dosa.

Kabiru: Injiniya, wace mota kake hawa? Ka faɗa mana tukuna.

Alhaji Musa: To jama'a, ya isa haka. Na karanta duka, kuma kowa ya yarda manuwal ta fi ƙarko, ta fi sauƙin gyara, kamar yadda Oga Tanimu ya yi bayani, shi ne kuwa masanin abin a cikinmu. An kuma tabbatar mai manuwal ya fi iya tuƙi, hujjar Ingila ta wadatar. Masu lalura irin Hajiya suna da uzuri. Ni kaina shekara 35 ban taɓa sayen otomatik ba. A rufe maganar.

Hajiya Binta: Alhaji, ni ban yarda ba, kuma ba uzuri na roƙa ba. Malam Garba ya janye kalmar ragwaye, ina nan ina jira.