Tun da kwamfuta ta shiga biro, yaya kuka ƙare da neman takarda?

Hajiya ƴar Zariya: Assalamu alaikum. Takardar haihuwar jikana na je nema a wani biro. Yarinyar da ke aiki a wurin ta buga sunansa a kwamfuta, babu. Ashe ba a shigar da rajistar shekararsa ba tukuna. Wani dattijo ne ya taka kujera ya sauko da babban littafi wanda gara ta ci gefensa, ya bi layi da yatsa har ya gano yaron. Ku ma haka kuke gani?

Malamin lakwal, Tasawa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Haka ne, kuma aikin ya zama biyu: a rubuta a littafi, a sake bugawa a na'ura. Abin da ya fi ci mini rai, mutum ɗaya ake turawa Yamai ya koyo aikin. Da an canza masa wurin aiki, shi ke nan, ya tafi da lambar sirrin da sanin duka, kwamfutar ta koma ƙarƙashin zane tana shan ƙura. Me zai hana a koya wa mutum uku tun farko?

Ɗan taranzit, Ɗan Isa: Malam, a faɗi alherinta ma. Tun da duwan ke aiki da SYDONIA, wato tsarin kwamfuta na rajistar kaya, da an shigar da bayanin kaya lamba ta fito, kuɗin da za ka biya na rubuce, ba a cewa dosiye ya ɓata. Kuran ne matsalar. Wutarmu ta Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke ta. Wanda ba shi da janareta ko sola, zama kawai ya yi.

Baba na Madarumfa: Ni rajistar katin zaɓe mai hoto, kafin zaɓen Disamban 2020, ta burge ni, don har garinmu aka kawo na'urar da ke ɗaukar zanen yatsu. Sai dai yatsun manoma da na mata masu daka sun siɗe, sai an goge an sake dangwalawa kafin ta karɓa.

Hajiya ƴar Zariya: Allah ya saka, Baba. Malam, to waɗannan tsofaffin littattafai wa ke shigar da su? Idan damina ta yi wa ɗakin da ake ajiye su yoyo kafin a gama, yara da yawa za su rasa shaidar haihuwa lokacin jarrabawa.