Neman kalmar Hausa: me za mu kira ABS na babur?

Haruffa uku ne ake rubutawa a jikin wasu babura, galibi kusa da ƙafar gaba, wato ABS, taƙaitaccen sunan wani tsarin birki. Mun daɗe muna faɗinsu yadda muka gan su, amma ba sa gaya wa mahayi komai game da abin da zai ji a hannunsa ranar da mota ta shigo masa hanya ba zato ba tsammani. Shi ya sa nake son mu tsayar da kalma tamu, sai dai kafin a raɗa suna ya kamata a fara sanin aikin abin.

Idan mahayi ya kama birki, nauyinsa da na babur yakan zubo gaba, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau. Wannan ne ya sa birkin hannun dama, mai riƙe ƙafar gaba, yake ɗaukar kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Matsalar tana zuwa ne da firgita, domin wanda ya razana yakan damƙe birkin gaba ɗaya a lokaci guda, taya ta daina juyawa alhali babur yana cikin gudu, ta shiga jan ƙasa. Mota tana da ƙafa huɗu, za ta ja ta tsaya a kansu. Babur kuwa, da zarar ƙafar gaba ta cije, kafin ƙiftawar ido mahayi yana ƙasa.

Abin da ABS yake yi shi ne, akwai wani zobe mai tsage-tsage a tsakiyar ƙafar, da ƙaramar na'ura mai ƙirga juyawarsa. Da ta ga taya tana shirin tsayawa cak, sai a rage matsin man birki, a mayar da shi, a sake ragewa, sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanin BMW ne ya fara sa shi a babur na sayarwa a 1988, Tarayyar Turai ta wajabta shi daga 2016 a kan sababbin samfurori masu inji sama da cc 125, Indiya ma ta bi sahu.

An kawo shawarar “birki mai hana kullewa”, wanda shi ne fassarar kai tsaye ta cikakken sunansa na Turanci, Anti-lock Braking System. Ban gamsu da shi ba, saboda Bahaushe idan ya ji an ce an kulle babur, kwaɗo da makulli da tsoron ɓarawo ne za su zo masa a rai. Taya ba ta kullewa a bakinmu, cijewa take yi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne “birkin hana santsi”. Yana da daɗin faɗi, amma yana ɗaukar alkawarin da ba zai cika ba. Wanda ya shiga kwana da gudu a kan yashi ko malalen mai zai iya zamewa ko da ABS, kuma na'urar ba ta sauya lissafin nan da ke cewa idan gudu ya ninka, tazarar tsayawa takan ninka kusan sau huɗu. Sunan da zai sa matashi ya saki jiki, ko ya sa direban mota ya ɗauka cewa babur zai iya tsayawa ko ta yaya aka yanko masa hanya, gara babu shi.

Ni dai na tsaya a kan “birkin kama-saki”, a bi shi da bayanin cewa shi ne mai hana taya cijewa. Ginin kalmar namu ne, irin na faɗi-tashi da shige-da-fice, kuma yana nuna ainihin motsin da ke faruwa.

Na san za a ce mai koyo zai iya zaton shi ne zai riƙa kamawa yana saki da hannunsa. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma amsarsa tana bakin mai koyarwa: kamawa taka ce, sakin na na'ura ne. Idan ka ji hannun birki yana bugawa a yatsunka kamar jijiya, birki bai shanye ba, aikinsa yake yi, ka ci gaba da matsewa har babur ya tsaya.