Tsatsa ta kama ƙarin fendar ƙarfe a jikin Hilux, me za a yi?

Mai_Hilux_Bukuru:
Assalamu alaikum jama'a. Hilux ce, an ɗaura mata ƙarin fenda na ƙarfe, irin masu faɗin nan da ke rufe manyan tayoyi. Tana yawan bin hanyoyin ƙauye ta wajen Bokkos da Riyom. Damina biyu ke nan, fentin ya fara kumbura a kewayen notuna, jan ruwa yana zubowa a jikin mota bayan an wanke ta. An shafa fenti a kai sau ɗaya, bai yi wata biyu ba ya sake tashi. A cire a yar ne, ko akwai gyara?

Fanel_Bita_FarinGada:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai gyara, amma ba a jikin mota ake yin sa ba. Sai an kwance fendar gaba ɗaya. Abin da kake gani a waje ɗan kaɗan ne, asalin ciwon yana tsakanin fenda da bodi, inda jar ƙasa ke maƙalewa. Taɓon nan yana riƙe danshi kwana da kwanaki bayan ruwa ya ɗauke, kuma a Jos daga Afrilu zuwa Oktoba wurin ba ya samun bushewa. Na biyu kuma ramukan da aka huda lokacin ɗaurawa. Yawancin masu ɗaurawa suna hudawa su zura noti kawai, bakin ramin ƙarfe ne tsirara, daga nan tsatsa take farawa ta bi ƙarƙashin fenti. Shi ya sa fentin da aka shafa ya tashi, an rufe tsatsa ne da ranta.

In an kwance, a wanke da sabulu a bar shi ya bushe sarai. A kankare da burushin waya a giranda, sannan sanfefa lamba 80 har sai farin ƙarfe ya fito. Kada a tsaya a inda ido ke ganin ja. A wuce da kamar santimita 3 zuwa cikin fenti mai lafiya, domin tana tafiya a ɓoye. Sai a bi da 180 a lallashe bakin fentin don kada gaɓa ta fito.

Ƙananan ramukan da sanfefa ba ta kai cikinsu ba, nan ne ake sa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik asid. Zai mai da jan ya koma baƙi. A karanta jikin gwangwanin da kyau: wani ana wanke shi da ruwa bayan ya gama aiki, wani ba a wankewa. Wanda ake wankewa in aka bar shi, faraima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, ba za ta kama ba. A sa safar hannu da tabarau, asid ne.

Faraima kuwa, a nemi efoksi mai haɗi biyu, a gauraya daidai yadda aka rubuta, a fesa shafi biyu ciki da waje. Jar faraimar da ake shafa wa ƙofar gida da taga ba ta jure tsakuwar da taya ke harbawa. Fila kuma, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi, a kan efoksi ake sa ta, in ma dole ce, domin fila tana shan ruwa kamar soso. Bayan nan sanfefa lamba 320 ko 400, sai fenti. Cikin fendar, ɓangaren da ke kallon taya, a fesa masa baƙin nan mai kauri na ƙarƙashin mota.

Kuma duk abin da aka yi wa fenda, a yi wa leɓen bodin da take zaune a kai. Wannan ne ma mai tsada in ya lalace.

Injiniya_Apo:
Oga ya gama magana a kan fenti. Bari in ƙara a kan ɗaurawa, don nan ake ɓata aikin bayan an kashe kuɗi.

Kowane rami a goge bakinsa, a ɗiga masa efoksi da ƙaramin burushi, a bari ya bushe kafin noti ya shiga. Sukurun nan mai huda wa kansa hanya a daina, yana yage fentin duk lokacin da aka ɗaure. A sa noti M6, wato mai kaurin milimita 6, na sitenles, wanda aka buga wa A2 a kai, da washar roba ko ta nailon sama da ƙasa. Washar ba ado ba ce. Sitenles in ya taɓa baƙin ƙarfe kai tsaye ga danshi, baƙin ƙarfen ne ke saurin cinyewa, sai ka ga noti yana ƙyalli bodi ta ruɓe a kewayensa. In fendar alminiyom ce abin ya fi muni, farin gari za ka ga yana fitowa. A shafa ɗan giris a zaren notin, sitenles yana da halin cijewa.

Tsakanin fenda da bodi a sa robar baki, wadda ke hana ƙarfe gogar fenti a kan gargada. Abin da nake roƙo kada a yi: silikon ɗin gilashi, mai warin tsami in an matsa. Warin nan asid ne, yana tayar da tsatsa a kan ƙarfe, kuma fenti ba ya kama shi. Silar foliyuretan ta jikin mota, wato abin toshe gaɓa, ita ce daidai. A bi da ita ta sama da gefe kawai, a bar ƙasa a buɗe ruwa ya samu hanyar fita.

Direban_Mangu:
Ni a ganina duk wannan dogon aiki ne. A fesa baƙin mai a ƙarƙashi duk wata, tsatsa ba za ta zo ba. Ko kuma a saya na roba a huta.

Injiniya_Apo:
Malam, baƙin mai yana korar ruwa na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Amma yana kumbura roba, da robar fendar da bushin da ke kusa, yana kama ƙura ta zama kunu, kuma wurin yana dab da birki. Ranar da za a yi fenti ma sai an sha wahala kafin a raba shi da ƙarfen. Kakin da ake fesawa cikin lungunan bodi ya fi shi, sau ɗaya kafin damina.

Fendar roba ba ta tsatsa, haka ne, amma bodin da ke bayanta tana yi, kuma ba za ka gani ba sai ta huje. Ramuka da taɓo duk ɗaya ne.

Mai_Hilux_Bukuru:
Na gode ƙwarai. An kwance ta baya ta hagu. Fendar da sauƙi, amma leɓen bodin ya huje wuri biyu, kowanne kamar faɗin babban yatsa. Wani ya ce a cike da fila.

Fanel_Bita_FarinGada:
A'a Alhaji, fila ba ta toshe rami. Ruwa zai shiga ta baya, damina ɗaya ta faɗo. A yanke wurin har inda ƙarfe ke da ƙwari, ka gwada da bakin sukundireba, in ya lotsa a ƙara yankewa. A yanko faci mai kauri ɗaya da bodin, wajen milimita 0.8, a zaunar da shi baki da baki. In aka ɗora shi a kan tsohon, an sake yin wani lungun da ruwa zai kwana.

Waldar lantarki ta ƙofa tana ƙona ƙarfe mai wannan sirantaka. A nemi mai injin MIG, waldar da ke aiki da siririyar waya da iskar gas, ya riƙa ɗigawa nan da can yana barin wurin ya huce. In waldar gas ce kaɗai ta samu, mai haƙuri ake nema, zafinta yana lanƙwasa bodi. A cire kan batir tukuna, kuma a duba wane gefe bututun tankin mai yake kafin a kunna wuta. Bayan walda a yi wa bayan facin efoksi da sila kamar gabansa.

Lokacin fenti kuma, rani ya fi, amma ban da sassafe a Disamba da Janairu. A sanyin Jos, efoksi ba ta bushewa da kyau in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10. A bari rana ta ɗaga, wajen sha ɗaya, a yayyafa ruwa a ƙasan wurin saboda ƙurar hunturu. A ba fentin kwana biyu ko uku kafin a mayar da fenda, in ba haka ba robar za ta manne a jikinsa. Sauran fendodin ukun ma a kwance su yanzu.