Shafi ɗaya ke jan ƙafa: saba ce ko hanya?

Mai Kafe: Salam 'yan uwa. Tun safe shafin da nake wa ɗalibai rajista yake ta juyi, sai ya yi minti biyu kafin ya buɗe, alhali YouTube na tafiya lafiya lau a layi ɗaya. Ni dai na ce sabarsu ce ta gaji kawai, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Ga yara cike da shago tun ƙarfe takwas, wata ma da goyo.

Ɗan Maradi: Saba ce mana, lokacin rajista kowa ya yi mata ca.

Injiniya: Oga kar ka yi saurin yanke hukunci. YouTube ba ma'auni ba ne, Google na ajiye bidiyoyinsa a na'urori nan cikin ƙasa shi ya sa yake gudu. Ka rubuta tracert da adireshin shafin a kwamfutar, zai jero maka zangon da saƙonka ke bi layi-layi da lokacin da ya ɗauka, ka faɗa mana abin da ya fito.

Mai Kafe: Layi na 5 Legas ne, 35ms (1000ms ne daƙiƙa ɗaya). Na 7 ya yi tsalle zuwa 140 kuma akwai lon a sunan, sai taurari (* * *) a layi biyu, sannan ya dawo Legas 240.

Injiniya: To ka gani! Saƙonka sai da ya je Landan ya dawo, kamar ka tashi daga Fagge za ka Sabon Gari ka bi ta Kaduna. Maganin irin wannan ne ya sa aka kafa IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya, don kamfanoni su riƙa musayar saƙo a cikin gida. Taurarin kuma kar su dame ka, wasu rautoci, wato na'urorin da ke miƙa saƙo a hanya, ba sa amsawa ne kawai.

Anti: Ƙanena ban yarda ba. 240ms ko kwatan daƙiƙa bai kai ba, ta yaya zai zama minti biyu? Nisa kaɗai bai isa hujja ba.

Injiniya: Gaskiyarki Anti, na yi gaggawa. Oga yi ping sau 50, wato tura wa sabar ɗan saƙon gwaji ta amsa, mu ga ko saƙo na zubewa a hanya.

Mai Kafe: 12 sun ɓata cikin 50.

Injiniya: Wannan shi ne ciwon. Duk wanda ya ɓata sai an jira an sake turo shi, kuma shafi ɗaya saƙonni ne rututu, haka jiran ke taruwa. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace wajen gaɓar Kwaddibuwa, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sabobi lafiyarsu ƙalau amma har bankuna suka tsaya cak saboda 'yar hanyar da ta rage ta cushe.

Ɗan Maradi: Malam ai saba ma in ta cika tana zubar da ping ɗin, wannan bai wanke ta ba.

Anti: To ku daina ja-in-ja. Sa wani sim ɗin daban, saba dai ɗaya ce.

Mai Kafe: Wallahi ya buɗe nan take! Har na gama wa mai goyon tata.

Injiniya: Ɗauki hoton tracert ɗin ka tura wa kamfanin layinka na farko, in ba haka ba cewa za su yi ka kashe waya ka kunna.

Ɗan Maradi: Yanzu azahar ta yi mutane sun ragu. Ka gwada layukan biyu gobe ƙarfe goma, a lokaci ɗaya, sannan zan yarda.

Mai Kafe: In sha Allahu zan turo sakamakon duka biyun.