"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": ta dace da Wi-Fi na gida?

Ɗalibi: Malamai, ana yawan kawo wannan karin magana idan aka samu wani ya hau Wi-Fi ɗin gida ba da izini ba. Laifin wa take nunawa, mai bango ko ƙadangare? Kuma a rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, ina tsagar take?

Malamar Hausa: Asalinta kan zaman tare ne: sai 'yan gida sun samu saɓani bare ke samun kafar shiga tsakaninsu. Ba ta wanke ƙadangare ba, amma nauyin a kan mai bango ta ɗora shi, domin shi ne zai iya liƙewa.

Injiniya: To kuwa ta dace, Malama. Tsaga ta farko ita ce mutane ba su san kalmomin sirri biyu ne ba. Akwai ta hawa Wi-Fi, akwai ta shiga saitin rautar kanta. Ta biyun sau da yawa tana nan yadda kamfani ya bar ta, "admin" da "admin". Ka buɗe burauza, ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 (adireshin na jikin takardar da ke ƙasan na'urar), ka canza ta. Wanda ya shiga nan zai iya sauya DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa, ya riƙa tura ka shafin banki na bogi ba ka sani ba. Da irin waɗannan kalmomi na kamfani muguwar manhajar Mirai ta kame kyamarori da rautoci a 2016.

Mai Gyaran Kwamfuta: Ni ina da ja, Injiniya. Wani lokaci tun daga magini bangon ya zo a tsage. WEP, tsohon tsarin kulle Wi-Fi, tun 2001 aka gano raminsa, yau cikin mintuna ake fasa shi komai tsawon kalmarka. WPS kuma, hanyar haɗa na'ura ba tare da kalmar sirri ba, lamba takwas ce, amma rauta tana tantance ta kashi biyu, huɗun farko daban, sauran daban, ta ƙarshe kuma lissafo ta ake yi. Shi ya sa gwaji kusan 11,000 ya isa, kamar yadda mai binciken tsaro Stefan Viehböck ya nuna a 2011. Ina laifin mai gida a nan?

Malamar Hausa: Karin maganar ba ta ce wane ne ya tsaga ba, cewa ta yi "ya tsage". Ko ruwa ne ya ci shi, ko magini ne ya yi ha'inci, mai ɗakin ne dai zai kwana da ƙadangare.

Injiniya: Kuma liƙewar tana hannunsa. A kashe WPS gaba ɗaya. A zaɓi sabon tsarin kulle WPA3 in na'urar tana da shi, in babu a bar ta kan WPA2 da hanyar ɓoye bayanai ta AES, a guji tsohuwar hanyar TKIP. Ga dalilin da tsawon kalma ke da muhimmanci a WPA2: ɓarawo yana ɗaukar musayar da waya ke yi da rauta lokacin haɗuwa, ya tafi da ita, ya yi ta gwada kalmomi a kwamfutarsa, rautar ba ta ma san ana yi ba. Lambar waya ko ranar haihuwa ba sa daɗewa a wannan gwajin. An yarda da harafi 8 zuwa 63, to kada a tsaya a takwas. A haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, su kai harafi 16 ko fiye. WPA3 da ya fito a 2018 ya toshe wannan hanya, domin kowane gwaji sai an yi shi da rautar kai tsaye.

Ɗalibi: In na ɓoye sunan Wi-Fi ɗin fa, ko na tace adireshin MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura?

Mai Gyaran Kwamfuta: Wannan labule ka rataya a kan tsaga, ƙanena. Sunan yana bayyana da zarar wata waya ta haɗu, MAC kuma ana kwaikwayonsa cikin sauƙi. Gara ka sabunta manhajar cikin rautar, ka kashe sarrafa ta daga waje, ka kashe UPnP, mai barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa a rauta, in ba ka buƙata. Raunin KRACK da aka gano a WPA2 a 2017 da sabuntawa aka gyara shi, musamman a wayoyi da kwamfutoci. Rautar da kamfani ya daina aiko mata da gyara, canza ta ya fi.

Malamar Hausa: Ku dawo ga ma'anar asali, domin ita ce ta fi kama da abin da ke faruwa. Tsagar daga cikin gida take farawa. An ba baƙo kalma, shi ya ba wani, wayarsa ma tana iya nuna ta a lambar QR.

Injiniya: Maganin wannan shi ne layin baƙi. Yawancin rautoci suna da shi: suna daban, kalma daban, kuma a hana shi ganin na'urorin gida. A ɗora talabijin da kyamarori a kansa. Lokaci lokaci a duba jerin na'urorin da ke haɗe. In an ga baƙuwa, kada a tsaya kan korarta kawai, za ta dawo da wani adireshi. A canza kalmar Wi-Fi, kowa ya sake shiga. In ana zargin an taɓa saitin, a danna ƙaramin maɓallin reset da tsinke kamar daƙiƙa goma, a sake saita komai daga farko, a fara da kalmar admin kafin a haɗa ko waya ɗaya.