Yaron da ke ganin ƙwallayen haske: abin da aka tattauna kan farfaɗiyar gani

A wata tattaunawa kan farfaɗiyar gani ta yara, abin da aka fi nanatawa shi ne a saurari yaron. Wannan farfaɗiya, wadda likitan Faransa Henri Gastaut ya bayyana a 1982, tana tasowa ne daga sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya, inda gani yake. Yawanci tana farawa wajen shekara 8. Yaro zai ce yana ganin ƙananan ƙwallaye masu launi, ko idonsa ya yi duhu, na daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, sau da yawa ciwon kai ya biyo baya. Nan ake ruɗewa, a ce ciwon ɓarin kai ne, ko ma a ce iskoki ne. Wata daga cikin masu tattaunawar ta ba da shawara mai kyau: a ba shi biro masu launi ya zana abin da ya gani. Hasken ciwon ɓarin kai ya fi zuwa da layuka masu karkace-karkace, kuma ya fi daɗewa.

Likita zai nemi gwajin EEG, mai auna motsin lantarki na ƙwaƙwalwa, inda alamun kan fito in yaron ya rufe ido, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI don tabbatar babu ƙari ko tabo.

Maganin da aka fi ambata shi ne carbamazepine, wasu levetiracetam. In ƙuraje suka feso bayan fara shan carbamazepine, a garzaya asibiti. Kada a yanke magani kwatsam don an ga sauƙi; yara da dama kan rabu da ciwon bayan 'yan shekaru, amma likita ne zai rage shi sannu a hankali. In jijjiga ta zo, a kwantar da shi ta gefe, ban da tura cokali a baki. Ta wuce minti 5, sai asibiti.